Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Makarantun Rawa Da Gidauniyoyin Da Ke Kai Yara Karatu Ƙasashen Waje

Zuwa ga shugabannin makarantun koyon rawa, da masu shirya gasar matasa, da gidauniyoyin da ke ɗaukar nauyin karatu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da ɗalibanku.

Ni malamin rawa ne. Yaran da kuke kallo a bidiyo na 'yan mintoci ku yanke hukunci a kansu, a hannun irinmu suke tasowa, mu ne kuma iyaye ke tarewa da tambaya ranar da takardarku ta iso. Takardar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yawanci shafi ɗaya ce. An taya yaro murna, an ce ya samu gurbi, an yafe masa kuɗin makaranta duka ko rabi, ana sa ran ganinsa ranar kaza. Sai gida ya kaure da murna. Bayan kwana biyu, in hankali ya dawo jiki, uba ya zo ya zauna yana tambayar wa zai riƙe masa ɗa a can, me za a yi in ya karye, ina zai nufa in makaranta ta ce ta gaji da shi. Babu amsar ko ɗaya a cikin takardar.

Ba butulci ya kawo ni ba. Ƙofofin da kuka buɗe sun sauya rayuwar mutane da yawa. Gasar Prix de Lausanne, wadda ake yi a birnin Lozan na Suwizalan tun 1973 domin 'yan shekara 15 zuwa 18, ita ta fito da Carlos Acosta a 1990, ɗan direban babbar mota daga Habana ta ƙasar Kyuba, auta a cikin 'ya'ya 11, wanda daga baya ya shekara 17 a Royal Ballet ta Landan, kuma tun 2020 yake jagorantar Birmingham Royal Ballet. Gasar Youth America Grand Prix ma, tun da aka kafa ta a 1999, ta haɗa yara da makarantun da ko a mafarki ba su zaci za su taka ba. Abin da na fi yaba wa gasar Lozan shi ne, wanda ya ci kyautarta ana haɗa masa da kuɗin ɗawainiyar zama na shekarar, bayan kuɗin makaranta. Ashe tun tuni wasunku sun gane cewa gurbi kaɗai ba ya ciyar da yaro, ba ya tufatar da shi. To saura fa?

Akwai abin da ya raba rawa da sauran karatun ƙetare. Kun fi ni saninsa, amma kamar yana kuɓuce muku lokacin rubuta sharuɗɗa. Mai zuwa karatun injiniya ko likita baligi ne, ya mallaki hankalin kansa, in al'amari ya dagule zai iya ɗaukar jakarsa ya nemi mafita. Rawa kuwa, musamman bale (ballet), wato rawar Turawa da mata ke tsayuwa a kan yatsun ƙafa, ba ta jiran mutum ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makarantar Vaganova ta Rasha, wadda tarihinta ya faro daga 1738, tana ɗaukar yara suna wajen shekara 10 ta riƙe su shekara 8. Ta Opera ta Faris tana karɓa tun daga shekara 8. Royal Ballet School na ɗaukar 'yan shekara 11 su yi zaman kwana a White Lodge. Ana yawan kafa hujja da Misty Copeland, wadda ta fara tana da shekara 13, ta kuma kai matsayi mafi girma a American Ballet Theatre a 2015, amma ai don abin ba safai yake faruwa ba ne ake ta ba da labarinsa. Saboda haka wanda kuke kira ya tsallaka teku ƙaramin yaro ne. Wani ko wankin kayansa bai iya ba, bai ji harshen ba, bai taɓa zama inda duhu ke shiga tun ƙarfe huɗu na yamma ba. Wanda ya karɓi irin wannan yaro daga hannun mahaifiyarsa, amana ya karɓa, kuma amana ba ta tsayawa a bakin ɗakin atisaye.

Tun kafin yaro ya taka ƙofarku ma an riga an tankaɗe da yawa an zubar, ba kuma rashin baiwa ta zubar da su ba. Kuna so a aiko bidiyon gwaji daga ɗaki mai faɗi, da daɓe mai kyau, da sandar dafawa, da haske, a ga jiki daga kai har ƙafa. Yaron da ke atisaye a kan siminti yana taka-tsantsan da tsalle saboda gwiwarsa, sai alƙalin da ke kallo ya rubuta cewa tsallensa ba ya tashi. In ya tsallake wannan, ku ce ya zo gwajin ƙarshe da ƙafarsa, da kuɗin jirginsa, da na babban da zai rako shi, don a kalle shi yini ɗaya ko biyu.

Sai kuma biza. Kuɗin neman bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ya koma Yuro 90 tun Yunin 2024 ga wanda ya kai shekara 12, kuma in an hana shi, kuɗin ya tafi. Ita ɗin ma ta gajeren zama ce, kwana 90 a cikin 180. Ta ishi gwaji ko kwas ɗin bazara, ba ta isa shekarar karatu ba. Jamus tana so ɗalibi ya nuna kuɗin zama a asusun da aka kulle, wanda ya kai Yuro 11,904 na shekara guda daga Satumban 2024. A Amurka, bayan makaranta ta aiko takardar I-20 ta shaidar karɓar ɗalibi, akwai Dala 350 na rajistar ɗalibai, ga Dala 185 na neman bizar kanta. Birtaniya ta ɗaga kuɗin lafiya na ɗalibai zuwa Fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024, kuma na dukan tsawon bizar ake biya gaba ɗaya tun kafin a tashi. Ku tara waɗannan, ku ɗora tikiti, da rigar sanyi, da inshora, da takalma. Takalmin tsayuwa a kan yatsu da ƙyalle da manne ake yinsa, ba ya daɗewa. Ƙwararriya kan iya kashe ƙafa guda a wasa ɗaya, ɗaliba mai himma kuwa tana cinye su ɗaya bayan ɗaya duk zango. Wanda aka yafe wa kuɗin makaranta aka bar masa wannan lissafi, in talaka ne, an dai nuna masa ƙofa daga nesa. Daga ƙarshe gurbin da aka ware da sunan marasa hali ya faɗa hannun wanda dama iyayensa na iya biya, ku kuma ku rubuta a rahoton shekara cewa kun ba da tallafi kaza.

Jami'in biza hujja yake nema cewa mai nema zai koma ƙasarsa: aiki, gida, dukiya, iyali. Ɗan shekara 16 da bai san komai ba sai rawa, wace dukiya zai nuna? Abin da kawai ke iya tsaya masa shi ne nauyin sunanku. Makarantar da ta ware ma'aikaci guda wanda aikinsa ke nan, ya rubuta wa ofishin jakadanci takarda gamsasshiya, ya bi sawu, ya ɗaga waya in an kira, ɗalibanta suna isa. Wadda ta aiko takarda ta naɗe hannu, nata suna maƙalewa. Ga kuma jinkiri. Na ga yarinyar da takardarta ta iso a makare, ranar ganawarta da ofishin jakadanci ta faɗo bayan an buɗe makaranta, aka miƙa wa wata gurbinta. An ce ta sake nema baɗi. A wani fannin baɗi kusa ne. A bale, baɗi na iya nufin ta wuce shekarun shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ku ne ke riƙe da kalandar.

Bari in taɓo kwasa-kwasan bazara a gurguje. Na san suna da amfani, na kuma san suna cikin hanyoyin da makarantu ke samun kuɗin shiga, babu laifi a nan. Laifin shi ne a yi wa yaro ragin kashi ɗaya cikin huɗu na kwas ɗin mako uku a kira shi tallafin karatu, iyaye su sayar da abin da suka mallaka suna zaton hanyar shiga makarantar ce. Ku kira ragi da sunansa. Wannan duhun ne kuma 'yan damfara ke fakewa a ciki, suna sayar da takardun gayyata na bogi da tambarinku a sama. Shafi guda a intanet mai cewa ga wakilanmu, ba ma karɓar kuɗi ta hannun kowa, zai rage musu kasuwa.

Yanzu mu ce yaro ya isa. A nan ne maganata ta fi nauyi.

Jikin mai rawa shi ne jarinsa, kuma kuna karɓarsa a daidai shekarun da ƙashi ke tsawo, jijiya ba ta gama cim masa ba, ƙarfi da daidaito suna ɗan ɓacewa na wani lokaci. Yaron da a gida yake atisaye sau uku a mako, a wurinku zai koma yin sa'o'i da yawa kullum, kwana shida. Tsallen nan daga kaɗan zuwa mai yawa a lokaci guda yana cikin manyan abubuwan da ke jawo tsagewar ƙashin ƙafa da ciwon ƙwauri da na baya. In kuma abincin da yake ci bai kai ƙarfin da yake ƙonewa ba, sai jiki ya fara rage wasu ayyukansa: al'adar 'yan mata ta ɗauke, ƙashi ya yi laushi, rauni ya ƙi warkewa. Kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya a kan wannan larura tun 2014, kuma akwai ƙungiyar likitoci da masana lafiyar masu rawa ta duniya tun 1990. Ilimin yana nan, ba a ɓoye yake ba. Tambayata ita ce ko likitan gashin ƙashi da mai ba da shawara kan abinci suna cikin tallafin, ko kuwa sai yaro ya biya. Domin yaron da ya san ganin likita kuɗi ne, ya kuma san gida babu, shiru zai yi ya ci gaba da taka ƙafar da ke ciwo har ta tsage.

Shirun nan shi ne babban abin tsoro. A 2019 rahotanni suka fito a kan makarantar bale ta Opera ta Biyana a Ostiriya, kwamitin da aka kafa kuma ya tabbatar a ƙarshen shekarar cewa ba a kare lafiyar yara yadda ya kamata ba, har da ba su shawarar shan taba don kada su yi ƙiba. A 2023 shirin Panorama na BBC ya ji ta bakin tsofaffin ɗaliban manyan makarantun bale biyu na Ingila, waɗanda suka ce an riƙa kushe jikinsu har wasu suka kamu da lalurar ƙin cin abinci. Ku lura, da yawan waɗanda suka yi magana 'yan ƙasa ne, suna jin harshen, iyayensu na nan kusa, amma sai da suka bar makaranta da shekaru sannan bakinsu ya buɗe. To ina ga baƙo, wanda bizarsa ke ɗaure da sunan makarantar, wanda abincinsa da gadonsa da tikitin komawarsa duk a hannun mutanen da zai kai ƙara suke? Wanda kuma ya san hotonsa na rataye a bangon gida, ƙannensa na nuna wa baƙi? Irin wannan yaro ko an dake shi cewa zai yi lafiya lau. Dole ne ya zama akwai wani babba a wajen makarantar, wanda ba ku ke biyansa albashi ba, mai jin harshen yaron, wanda yaro zai iya kira da tsakar dare. Sunansa da lambarsa su kasance a hannun iyaye tun kafin jirgi ya tashi.

Akwai ƙananan abubuwa kuma da ke gaya wa yaro ko an shirya masa ko ba a shirya ba. Shekara da shekaru masu rawa baƙar fata suna shafa wa takalmansu hoda da hannu don ya yi daidai da launin ƙafarsu, saboda ruwan hoda kaɗai ake sayarwa. Sai a 2018 kamfanin Freed of London, tare da ƙungiyar Ballet Black, ya fitar da masu launin ƙasa-ƙasa. Opera ta Faris, mai tarihin sama da shekara 300, sai a 2023 ta naɗa baƙar fata na farko, Guillaume Diop, a matsayin tauraro. An ci gaba, ban musa ba. Amma ku duba ƙa'idojin safa da gyaran gashi na makarantunku, ku ga da wa aka rubuta su a zuciya.

Sai batun sallama. Makarantu da dama suna sake auna ɗalibai lokaci-lokaci, wanda jikinsa ya sauya ko bai kai inda ake so ba a ce ya nemi wani wuri. Ban ce kada ku yi ba. Sana'ar ba ta ɗaukar kowa, kuma riƙe yaro a kan ƙarya zalunci ne shi ma. Sai dai ɗan ƙasa in an sallame shi jirgin ƙasa zai hau ya koma gida, ranar Litinin ya shiga makarantar unguwa. Baƙo kuwa bizarsa ce ke mutuwa. Ya koma ƙasar da tsarin karatunta ya bari shekara uku, sa'anninsa sun yi jarrabawa sun wuce, ba shi da takardar can, ba shi da ta nan, ga kunyar ido. Me ya hana ku rubuta tun farko cewa duk wanda aka sallama za a bar shi ya kammala shekarar karatu, a biya masa tikiti, a nema masa wata makaranta ko a ba shi takardar sakamako da za ta karɓu a gida? Karatun boko a makarantar rawa kada ya zama na cika sharaɗi, domin mafi yawan yaran da kuke ɗauka ba da rawa za su ci abinci ba, kun kuma sani.

Ko wanda ya gama lafiya, bango na jiransa. Guraben aiki a kamfanonin rawa kaɗan ne, masu kammalawa kuwa kowace shekara suna fitowa. Daraktan da ke da mutum biyu masu ƙwarewa ɗaya, guda yana da izinin aiki, guda sai an nema masa da kuɗi da takardu, kun san wanda zai ɗauka. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, 'yan rawanta su ma sun ɗanɗana wannan a ƙasashen da dā suke shiga aiki ba tambaya. Wanda ya samu kuma, yawanci kafin shekara 40 jiki ya ce ya isa. Shi ya sa Ingila ke da Dancers' Career Development tun 1973, Holan ma ke da asusun sake horar da masu rawa, don mutum ya koyi wata sana'a in ya sauka daga dandamali. Baƙon da ya yi kwantiragi biyu ya koma gida ba lalle ya ci moriyar irin wannan ba. Ku koya wa ɗalibanku koyarwa, da tsara rawa, da karanta kwantiragi, da rubuta neman tallafi, tun suna hannunku.

Ina roƙon ku da wani abu da kowace jami'a mai mutunci ke yi: ku buga adadi. Ɗaliban ƙetare nawa kuka ɗauka a shekara goma da suka wuce, nawa suka kammala, nawa suka samu aiki, nawa aka sallama. Hoton mutum ɗaya da ya yi fice a bangon kundinku ba ya gaya wa uba komai game da ɗansa.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na yarda ina da ra'ayi a ciki tunda ya shafi irina. A tsakiyar 2020 duniya ta kalli bidiyon Anthony Madu, ɗan shekara 11, yana juyi ba takalmi a kan siminti cikin ruwan sama a Legas. Tayi ya yi ta zuwa, daga baya ya tafi Elmhurst a Birmingham. Madalla. Amma juyin nan ba daga sama ya faɗo ba. Malaminsa, Daniel Ajala, da kansa ya koyi bale ta kallon bidiyo a intanet, ya buɗe Leap of Dance Academy a 2017 yana koyar da yara kyauta. A bayan kowane yaro da ya burge ku akwai irin wannan malami, akwai kuma wasu yara ashirin a aji ɗaya da kyamara ba ta haska ba. In kun ɗauke guda kun tafi, daɓen yana nan yadda yake, malamin yana nan da iyakar abin da ya sani, ajin ma ya rasa wanda ake koyi da shi. Kuɗin riƙe ɗalibi ɗaya shekara ɗaya a makarantar kwana ta Turai zai shimfiɗa daɓen katako mai lotsawa, wanda zai ceci gwiwoyin yara shekara da shekaru, ya kuma kai malami kwas ya dawo.

Tarihi ya nuna wace hanya ce ke haifar da masu rawa da yawa. Acosta da na ambata bai bar Kyuba yana ɗanye ba. Ya je Lozan ne bayan an riga an horar da shi, daga makarantar gwamnati ta kyauta, a hannun malamarsa Ramona de Sáa. Kyuba ƙaramar ƙasa ce, amma 'ya'yanta sun cika manyan kamfanonin duniya saboda ta gina makaranta da malamai tukuna. Bolshoi ta Mosko, maimakon kwashe yaran Birazil, sai ta yarda aka buɗe makaranta da sunanta a garin Joinville a 2000, inda yara ke karatu kyauta suna kwana a ƙasarsu. A Dakar, Shugaba Senghor na Senegal da mai tsara rawa Maurice Béjart sun kafa makarantar Mudra Afrique a 1977 suka damƙa wa Germaine Acogny. Shekara biyar kawai makarantar ta yi, ta rufe a 1982 da tallafi ya janye, wanda shi ma darasi ne ga masu ba da kuɗi na zango ɗaya su juya baya. Duk da haka, cikin ɗalibanta akwai Irène Tassembédo, wadda ta buɗe tata makarantar a Wagadugu a 2009. Acogny kuwa ba ta haƙura ba. Ita da mijinta Helmut Vogt suka fara horarwa a Toubab Dialaw, a gaɓar tekun Senegal, a 1998, abin da ya zama École des Sables. Da gidauniyar Pina Bausch, shahararriyar mai tsara rawa ta Jamus, da gidan wasan Sadler's Wells na Landan suka so a sake taka ɗaya daga cikin manyan ayyukan Bausch da 'yan rawa daga ƙasashen Afirka 14, a can aka yi atisayen, aka fara nunawa a 2021, aka zaga duniya da shi. A shekarar ne kuma aka ba Acogny kyautar Zakin Zinare a Benis. Turai ce ta zo inda makaranta take.

Kada a fahimce ni a baibai, ban ce kada yara su fita ba. Gregory Maqoma na Afirka ta Kudu yana karatu da tallafi a makarantar P.A.R.T.S. ta Burasels ya kafa Vuyani Dance Theatre a 1999, wadda ta zama wurin aiki da horo ga matasan ƙasarsa. Faustin Linyekula ya yi zaman waje ya koma Kwango a 2001 ya kafa Studios Kabako, daga baya ya mayar da ita Kisangani. Fita tana da amfani ƙwarai, musamman ga wanda ya tafi yana da shekara 18 ko 20, ya san kansa, ya san abin da ya je nema. Ni a ganina, in ban da bale da agogonta ke matsa lamba, gara yaro ya ƙara girma a gida sannan ya tafi. Abin da Maqoma da Linyekula suka nuna shi ne komawa gida ma aiki ne mai buƙatar jari. Tallafinku duk na tafiya ne. Ban ga laifi ba in kun ware kaso na dawowa: kuɗin hayar ɗakin atisaye na shekara biyu ga wanda ya kammala ya ce zai koma ya koyar.

Wata magana kuma ga makarantun rawar zamani. Yaro kan zo muku da rawar da ya gada ko ya koya a titi, wadda ya shekara goma yana gogewa, mai ƙa'idojinta da malamanta. Kada ku ɗauke ta a matsayin ado da za a yayyafa a kan taku dabarar, ko ɗabi'ar da za a kankare. Rawar burekin da ta tashi daga titunan Bronx ta shiga gasar Olamfik ta matasa a 2018, ta shiga babbar gasar Faris a 2024, ko da yake ba ta cikin jerin wasannin Los Anjalas na 2028. Shirin digiri na biyu na Choreomundus, na haɗin gwiwar jami'o'in Turai, yana nazarin rawa a matsayin ilimi da gado. In jami'a ta yarda ilimi ne, ɗakin atisaye ma ya kamata ya yarda, ya kuma gayyato masu ita su koyar a biya su kamar kowane malami.

Ku riƙa zuwa kuna yin gwajin zaɓe a inda yaran suke. Tikitin alƙalai biyu ya fi arha a kan na yara talatin da iyayensu, kuma za ku ga waɗanda bidiyo ba zai taɓa kawo muku ba. In kun zo, ku ƙara kwana uku ku zauna da malamai, ku nuna mana yadda kuke gane yarinya ta isa hawa kan yatsu, mu nuna muku yadda ake koyar da aji arba'in ba madubi. In kun ɗauki yaro, ku riƙa aiko wa malaminsa na farko rahoton zango kamar yadda kuke aika wa iyaye. Mu ne muka san yadda fuskarsa ke yi in yana ɓoye ciwo, mu ne kuma zai dawo wa hutu, kuma da ya dawo iyaye mu za su tambaya ko ramar da ya yi ta aiki ce ko ta wani abu.

Kakar gwaji mai zuwa ta kusa. Kafin ku aika takardun bana, ina roƙon ku sa wani ya zauna ya karanta ta da idon uban da bai taɓa shiga jirgi ba, ya ƙara mata shafi na biyu, a kuma fassara ta zuwa harshen da iyayen ke ji. Ku aiko ta aƙalla wata huɗu kafin buɗe makaranta, domin layin ofisoshin jakadanci a lokacin bazara ba ya sauraron uzurin kowa.

Na gode da sauraro. Allah ya taimake ku a kan amanar da ke hannunku.

Naku,
Wani malamin rawa na matasa